An sa sabuwar sensar totur amma P0120 ya ƙi tafiya, ina zan duba a wayarin?

MaiSifana:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu wayarin a kan wata mota ƙirar 1997, silinda huɗu, fetur, giya otomatik, totur na kebul. Sensar totur ɗinta mai waya huɗu ce, irin wadda ke da suwic ɗin sulo a ciki, mai gaya wa kwamfutar mota an saki totur.

Da sanyin inji lafiya lau take tafiya. Da ta ɗau zafi sosai sai giya ta fara jinkirin shiga, ta riƙe ta biyu har inji ya yi ƙara kafin ta saki, in za ta shiga kuma da bugu. A hanya mai gargada takan yi fizga sau ɗaya ko biyu, wutar cek ta kama. Kod biyu na matsala ne ke fitowa, P0120 da P0121, duka na sensar totur. An goge, sun dawo. An sa sabuwar sensa, babu abin da ya sake.

Ga awon da aka yi. An cire soket, an buɗe makulli, tsakanin wayar 5V da wayar ƙasa, wato ta negetif, mitar awon wuta ta ba da 5.0V cif. An mayar da soket, tsakanin wayar sigina da wayar ƙasa ta sensar akwai 0.52V da sanyi, 0.48V da zafi, totur a rufe. In an buɗe totur a hankali lambar tana hawa ba tsalle har ta wuce 4V. Sensar kanta, daga ƙafar 5V zuwa ƙafar ƙasa, ohm 4,100. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sikana, na'urar da ke karanta bayanan kwamfutar mota: da sanyi tana nuna totur kashi 11 cikin ɗari, da zafi tana nuna 17 zuwa 19, alhali ƙafa ba ta kan totur kuma mita na cewa 0.48V.

Mita ta ce lafiya, sikana ta ce ba lafiya. Kwamfutar motar ce ta lalace? Ba na son a sa mai mota sayen kwamfuta a kan zato.

Tsohon_Rewaya:

Wa alaikumus salam. Malam, kada a taɓa kwamfutar tukuna. Mitarka da sikanarka duk gaskiya suke faɗa, ba daga wuri ɗaya suke awo ba ne.

Sikana tana raba wutar siginar da kwamfuta ke gani da 5V ta fitar da kashi. Kashi 11 na nufin 0.55V, wanda ya yi daidai da awonka na sanyi. Kashi 18 na nufin kusan 0.9V. To kai ka ga 0.48V, kwamfuta ta ga 0.9V, akwai kusan 0.4V da ya ɓace tsakaninku. Inda ka ɗora baƙar wayar mita, nan amsar take. Ka ɗora ta a kan wayar ƙasa ta bakin sensa, ita kuwa kwamfuta daga tata ƙasar da ke cikinta take awo. Idan wayar ƙasa ta yi tsatsa ko ta kusa tsinkewa a hanya, ƙarshenta na bakin sensa ba zai zauna a sifili ba, zai ɗaga sama, ya ɗaga sigina tare da shi. Kamar a ɗora yaro a kan benci ne a auna tsayinsa: kai ka fara daga saman bencin, kwamfuta ta fara daga ƙasa.

Yi lissafin da kanka. Sensar nan resista ce kawai mai hannu da ke gogawa a kanta, wutar da take ja ba ta fi miliamfiya ɗaya da ɗan wani abu ba. Ɗauki sensa mai ohm 5,000. A ce tsatsa ta ƙara ohm 500 a kan wayar ƙasa. Jimilla 5,500, wutar da ke gudana ta zama miliamfiya 0.91, tsatsar ta cinye 0.45V, ya rage wa sensa 4.55V. Totur a rufe tana fitar da kashi goma na abin da ta samu, wato 0.45V. Wannan ne za ka gani a bakin soket, kuma ba wanda zai zargi 0.45V. Kwamfuta kuwa 0.45 da 0.45 take gani, 0.9V ke nan. A wurinta direba ya ɗan taka totur, shi ya sa take jinkirta canjin giya.

Awon 5.0V da aka yi da soket a cire bai wanke wayar ƙasa ba. Mitar dijital juriyarta ta ciki kusan ohm miliyan goma ce, kusan ba ta jan komai. In babu wuta mai gudana, babu abin da tsatsa za ta ci, ko da silin waya ɗaya ne ya rage 5.0V za ka gani. Dole a yi awon nan soket na jone, sensa na aiki.

Ga yadda za ka yi. Samo allura ko fil siriri, ka zura ta bayan soket, gefen da wayoyi ke shiga, ta bi gefen robar har ta taɓa ƙarfen ciki. Kada ka huda rigar waya, ta wannan hudar ruwa ke shiga, bayan shekara wurin ya koma kore. Baƙar wayar mita kuma a kan negetif na batir, can za ta zauna har a gama, ko da sai ka ƙara mata tsawo. Buɗe makulli, kada ka tayar da inji, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya:

Wayar ƙasa ta sensa: ƙasa da 0.1V ake so, mai lafiya sosai ma ba ta kai 0.05V.
Wayar 5V: tsakanin 4.8 da 5.2, kuma kada ta motsa in kana buɗe totur.
Wayar sigina: wajen 0.5V a rufe, sama da 4V ko kusa da haka a buɗe duka, gwargwadon abin da littafin motar ya ce.

Ka yi shi da sanyi, ka rubuta. Ka tayar da mota har fanka ta kama, matsalar ta bayyana a sikana, ka kashe, ka sake buɗe makulli nan take ka maimaita kafin ta huce. Ka kula da hannunka, fankar wasu motocin na tashi ko inji a kashe. Zafi ne ke buɗe wannan matsalar, domin ƙarfe na saki, haɗin da ya riga ya yi sako-sako ya ƙara rabuwa.

In ka samu wayar ƙasa ta ɗaga da zafi, kada ka tsaya nan. Je wurin kwamfuta ka auna ƙafar da wannan wayar ke shiga, ita ma ta baya, da negetif na batir. Idan can 0.02V ne, a bakin sensa kuma 0.4V, laifin na kan wayar da ke tsakani. Idan can ma ta ɗaga, to koma kan wayoyin ƙasa na kwamfutar kanta, waɗanda aka ɗaure da noti a jikin inji, da babbar wayar da ta haɗa inji da batir. Wannan awon na biyu ka yi shi inji na aiki, da fitilu da fanka a kunne, don sai da lodi raunin babbar waya ke fitowa.

Fizgar da take yi a gargada ma ta shiga wannan bayanin. In wayar ƙasa ta rabu ɗungum na ƙiftawar ido, sigina na tsalle zuwa kusan 5V, kwamfuta ta ɗauka an take totur har ƙasa, ta zuba mai, ta nemi sauke giya, sannan ta ajiye P0120.

MitaDaWaya:

Oga Rewaya ya kama bakin zaren, ni ma wayar ƙasa nake zargi. Sai dai akwai abu biyu da ban yarda an wanke su ba tukuna, kuma ko an gyara waya za su iya dawo da motar gareji.

Na farko, cewa lamba na hawa ba tsalle. Mitar dijital ta gama-gari sau biyu zuwa huɗu take sabunta lambarta a daƙiƙa ɗaya. Katsewar da ke sa mota fizga ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, sai ta wuce mita ba ta gani ba. Sikana mai araha ta fi ma jinkiri a motocin wancan zamani, musamman in an buɗe bayanai da yawa a allo lokaci guda. Ka rage su, ka bar na totur kaɗai, za ta fi sauri. In mitarka na da maɓallin MIN/MAX, danna shi, ka buɗe totur da hannu a hankali ƙwarai, kamar daƙiƙa goma daga rufe zuwa buɗe, ka dawo haka. Bayan nan duba mafi ƙanƙanta da mafi girma. Idan ka ga 0.0 ko 4.9 a wurin da bai kamata ba, an kama ta. Osiloskof, na'urar da ke zana wutar a allo, ya fi duka, don a kansa katsewar na fitowa kamar tsinin da ya faɗo daga layi. In babu ko ɗaya, tsohuwar mita mai allura na aiki: cire soket, sa ta a ohm tsakanin ƙafar sigina da ƙafar ƙasa, ka juya totur kana kallon allurar. Ido ya fi saurin kama rawar allura a kan lambobi masu canzawa.

Ka fi mai da hankali a rubu'in farko na buɗewa. Nan hannun sensa ke yini yana gogawa a tafiyar yau da kullum, nan kabon ɗin ke fara cinyewa. Tsaya a wurin ka ƙwanƙwasa jikin sensa da gindin sukurudireba a hankali. Kasancewarta sabuwa ba hujja ba ce, ana samun sabuwa mai lahani daga kwali. Kuma kada a jefar da tsohuwar. Tunda canjin bai sake komai ba, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, kuma in ta asali ce ta fi ta kasuwa inganci.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna: an saita sabuwar ko ɗaure ta kawai aka yi? Sensa mai waya huɗu ramukan kusoshinta dogaye ne don a iya juya ta, kuma abin da ake saitawa shi ne lokacin da suwic ɗin sulo ke rabuwa. A tsofaffin Toyota sunayen ƙafafun VC, VTA, IDL da E2: VC ce 5V, VTA sigina, IDL suwic ɗin sulo, E2 ƙasa. Wasu kamfanonin da wasu sunaye, aikin ɗaya ne. Ana saitin da filageji, wato siraran ƙarafan auna tazara, tsakanin kusar da totur ke tsayawa a kanta da hannun totur. Littafin injin zai ba ka kauri biyu, irin 0.5 da 0.7 na milimita, amma kowane inji da nasa, kada ka ari na wani. Da siririn a ciki, dole mita ta nuna haɗi tsakanin ƙafar sulo da ƙafar ƙasa. Da mai kaurin, dole haɗin ya yanke gaba ɗaya. Sassauta kusoshi biyu, sa gejin da littafi ya ce a yi saiti da shi, juya sensa har haɗin ya yanke, dawo da ita kaɗan-kaɗan har ya kama, ka ɗaure. Bayan ɗaurewa sake gwada duka biyun, domin ɗaurin kansa na gusar da ita.

In suwic ɗin bai rufe a sulo ba, kwamfuta ba za ta san an saki totur ba. Ba za ta yanke mai a gangara ba, sulo zai yi ta yawo, kuma a injin da ake saita tayimin da distiributa ba za ka samu tayimin na gaskiya ba. In kuma ya daɗe bai rabu ba, ga abin da ke faruwa: ka ɗan taka, juyin inji ya hau, kwamfuta na ganin totur a rufe da juyi sama, sai ta yanke mai, juyi ya faɗo, ta mayar. Mota ta yi ta sama da ƙasa a tafiyar hankali. Da yawa nan suke kama nozul ko famfon mai da laifi.

Kafin saitin, tabbatar faifan totur na rufewa har kan kusarsa. Kebul ya kasance da ɗan sako, kada ya riƙe faifan. In an taɓa murɗa kusar tsayawar don a ɗaga sulo, to ma'aunin ya riga ya gurɓace, sai an fara mayar da ita yadda littafi ya ce. Wajen wanke gidan totur kuma a cire sensa ko a karkatar da ita sama, don maganin wanki na bin sandar faifan ya shiga cikinta.

GiyaBiyar:

Ƙari kaɗan ga masu karantawa da tasu matsalar ba irin wannan ba ce sak.

Inda sigina ta maƙale na faɗa maka wayar da za ka bi. In ta tsaya kusa da 5V ko an taka ko ba a taka ba, yawanci wayar ƙasa ce ta yanke, ko sigina ta haɗe da wayar 5V. In ta kwanta a sifili, ko 5V bai iso ba, ko sigina ta goge ta taɓa bodi. Idan wayar sigina ce da kanta ta tsinke, abin da sikana za ta nuna ya danganta da ginin kwamfutar, wasu na faɗuwa sifili, wasu na hawa sama, don haka kada a yanke hukunci da wannan kaɗai. Motocin da ke rarrabe kod suna sauƙaƙa aikin: P0122 sigina ta yi ƙasa, P0123 ta yi sama, P0124 tana katsewa. P0121 kuwa ba lallai wayarin ba ne, cewa yake abin da sensar totur ke faɗa bai jitu da sauran bayanai ba, irin iskar da ke shiga inji. Tiyon iska da ya tsage ko sensar MAP, mai auna matsin iskar da ke shiga inji, in ta gaji, na iya jawo shi.

Motocin da suka girmi OBD-II, tsarin karanta kod da sikana wanda ya zama dole a Amurka daga ƙirar 1996, da ƙiftawar wutar cek suke magana. A Toyota ana haɗa ramukan TE1 da E1 a soket ɗin gwaji, kod 41 ne na sensar totur. A Honda kod 7 ne. A motocin General Motors kod 21 sigina ta yi sama, 22 ta yi ƙasa.

Sai batun 5V. A motoci da yawa ba sensar totur kaɗai ke shan wannan layin ba, MAP na kai, wani lokaci da wasu. Ɗaya daga cikinsu in ta haɗe a ciki, sai ta ja layin duka ƙasa, ka ga 2V ko 1V, kod ya faɗo a kan sensar da ba ta da laifi. Ka bar mita a kan layin, ka riƙa cire soket ɗin sensoshin ɗaya-ɗaya. Wadda ka cire 5V ya dawo, ita ce. In ka cire duka bai dawo ba, saura waya ko kwamfuta.

Gwajin wayar sigina da kwamfuta a tare ba wuya: cire soket ɗin sensa, haɗa ramin 5V da ramin sigina da 'yar gajeriyar waya, sikana ta nuna kusan kashi ɗari. Cire, ka haɗa sigina da ramin ƙasa, ta nuna sifili. Ka tabbatar da ramukan kafin ka haɗa, musamman a soket mai huɗu, domin a wasu motocin wayar suwic ɗin sulo wutar batir ce a kanta, ba 5V ba. Fitilar gwaji mai ƙwai kuma a ajiye ta gefe, ba a sa ta a layin 5V ko sigina, ta fi ƙarfin abin da aka gina layin ya ɗauka.

Idan sigina tsaf take inji a kashe amma tana rawa in ya tashi, duba ko wayoyin sensa sun kwanta a kan wayar filogi, sannan sa mita a AC a bayan altaneta. In ka ga abin ya kai rabin volt, mai yiwuwa diyod ya mutu a ciki.

MaiSifana:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ga sakamako, baƙar waya a negetif na batir, soket a jone.

Da sanyi: ƙasa 0.03V, layin 5V na ba da 5.0, sigina 0.55V.
Da zafi: ƙasa 0.41V, layin 5V na nan a 5.0, sigina 0.89V.
A ƙafar kwamfuta, wayar ƙasa da zafi 0.02V ce, ko da fitilu da fanka a kunne ba ta wuce 0.04V ba.

In an girgiza damin wayoyin kusa da soket ɗin sensa, 0.41 na tsalle, MIN/MAX ta kama 4.8V sau ɗaya. Zafin ruwan inji a sikana yana zaune a digiri 88, bai motsa ba ko lokacin girgizar. Suwic ɗin sulo kuma ba a saita shi ba, da geji mai kaurin ma yana nuna haɗi.

Oga Rewaya, shin in ja sabuwar waya daga ƙafar ƙasa ta sensa in ɗaure a jikin inji? Noti na nan kusa, ba zai ɗauki lokaci ba.

Tsohon_Rewaya:

A'a, kada ka ɗaure ta a jikin inji. Mota za ta yi kamar ta warke, amma ka sayi wata matsalar. An mayar da ƙasar sensoshi cikin kwamfuta ne da gangan, don sigina da ma'auninta su fito daga wuri ɗaya. Jikin inji hanya ce ta wutar sitata, altaneta da koyil. Duk ɗan bambancin da wannan wutar ta haifar tsakanin inji da kwamfuta zai hau kan siginarka, ka ga totur na motsi a sikana duk lokacin da fanka ta kama. Waya ta koma inda aka tsara mata.

Awonka ya ma nuna maka wurin. Kwamfuta ta fita daga zargi, manyan wayoyin ƙasa ma sun fita. A yawancin motocin nan wayar ƙasa ɗaya ce ke fitowa daga kwamfuta, ta rabu a wani haɗi cikin damin wayoyi zuwa sensar totur, ta zafin ruwa da ta zafin iska. Da a ce laifin na kan haɗin ne ko kafin shi, da zafin ruwa ya faɗi a sikana lokacin da ka girgiza, domin ɗagawar ƙasa na sa kwamfuta ta ɗauka inji ya fi sanyi. Tunda ya zauna a 88, laifin na kan reshen sensar totur kaɗai, tsakanin haɗin da soket. Ka tabbatar da wannan a zanen wayarin motar. Da 0.41V a kan sensa mai ohm 4,100, juriyar da ta shiga ba ta wuce ohm ɗari uku da 'yan kai ba, irin abin da matsin ƙarfe mai tsatsa ke bayarwa.

Kashe makulli, cire negetif na batir. Fara da soket. Duba ramin ƙasa da fitila, ko ya yi kore ko baki ya buɗe. Samo ƙafar namiji mai girman na sensa, daga tsohon soket ko tsohuwar sensa, ka zura a kowane rami ka zare. Duk su riƙe da ƙarfi ɗaya. Wanda ya shige ya fito ba riƙo ya saki, kuma yawanci masu cusa tsinin mita ta gaba ne ke buɗe su. Sannan kama kowace waya ka ja a hankali daga bayan soket. Wadda ta tsinke a ciki rigarta na miƙewa kamar roba, ta sirance a wurin. Santimita biyar zuwa goma na farko daga soket nan aka fi samu, don nan waya ke lanƙwasa duk lokacin da inji ya girgiza, ga zafi ya busar da rigar. In ba ka samu a nan ba, warware tef ka bi ta har haɗin.

Kada ka dogara da ƙarar mita mai nuna haɗi. Sili ɗaya ya isa ya sa ta ƙara. In kana son tabbaci, cire soket ɗin kwamfuta da na duk sensoshin da ke kan layin, ka mayar da batir, ka ba wayar wuta ta cikin ƙwan fitila mai wat 21, ɗaya ƙarshen a negetif. Kusan amfiya biyu zai ja. Waya mai lafiya za ta haska shi sosai, mai rauni zai yi ja-ja ko ya riƙa ƙiftawa in ka motsa ta. Amma sai ka tabbata kwamfuta a cire take kafin wannan gwajin.

Wajen gyara, in ƙarfen soket ne, canza ƙarfen ko ka sa wani soket mai guntayen wayoyinsa. Matse tsohon da allura ba ya daɗewa. Yanke waya har inda jan ƙarfen ke sheƙi, in ya yi baƙi ci gaba da yankewa, dalma ba ta kama baƙar waya. Yi amfani da waya mai kauri ɗaya da ta asali, ka haɗa da dalma ko matsi mai kyau, ka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, wadda ke da gam a ciki. Kada dalma ta yi yawa har ta bi cikin waya ta sandarar da ita, a ƙarshen sandarewar take sake karyewa. In za ka canza soket duka, kada haɗe-haɗen huɗu su taru wuri ɗaya, jera su nesa da juna kaɗan. Ɗaure damin yadda nauyinsa ba zai rataya a kan soket ba, ka bar masa ɗan sako don motsin inji.

Sai ka gama wannan za ka saita suwic ɗin sulo kamar yadda Malam MitaDaWaya ya bayyana, don shi ma ta wannan wayar ƙasar yake komawa. Ina ba da shawarar a gwada tsohuwar sensar da MIN/MAX, in ta wuce a mayar da ita. Bayan cire batir sulo na iya ɗan yawo kafin kwamfuta ta sake koyo, ka bar ta ta yi zafi a tsaye ba tare da taka totur ba. Goge kod, ka fita da ita sikana na jone, ka bi gargada. Da zafi wayar ƙasa ta zauna ƙasa da 0.05V, totur a rufe ya tsaya wajen kashi 10 zuwa 12, kuma bambancinsa tsakanin sanyi da zafi kada ya wuce kashi ɗaya.

MitaDaWaya:

Tunda za ka cire soket ɗin kwamfuta, ka leƙa ƙafafunta da fitila. Waɗanda aka ɗora a ƙasan dashbod ko gefen ƙafar fasinja ruwan gilas da na iyakwandishan na sauka a kansu. Kwamfutocin shekarun 1990 kuma kafasitocinsu na yoyo in sun tsufa, su ci layukan allon. Awonka bai nuna wannan ba, amma in ka buɗe murfin ka ga jiƙa mai launin ƙasa a gindin kafasita ko ka ji wari kamar na kifi, a canza su tun allon bai ci ba, da masu lamba ɗaya kuma masu jure zafin digiri 105.